Gidajen da ake yayi yanzu a Kaduna: don zama ake gina su ko don hoto?

Akitek Nafisa:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma tunda a cikinmu akwai masu zanen gini, injiniyoyi, birkiloli da masu gidajen kansu, ina ganin nan ne wurin yin ta. Duk wanda ya zagaya Millennium City ko Rigachikun ko sabbin unguwannin bayan Kinkinau a 'yan shekarun nan ya ga gidan da ake yayi: gini mai kusurwa huɗu, fenti fari da ruwan toka, an ɗaga bango an ɓoye rufi, gilashi tun daga ƙasa har kusan silin, tsakar gida an shafe ta kaf da intalok, ko bishiya ɗaya babu. A hoto gwanin sha'awa. Amma ku shiga cikinsa da ƙarfe 3 na rana a watan Afrilu idan an ɗauke wuta, ku gaya mini ko za ku iya zama.

Garin nan yanayi uku muke fama da su. Akwai bazara mai zafi a Maris da Afrilu, akwai damina mai ƙarfi daga Mayu zuwa Oktoba, akwai hunturu da ƙurarsa. Gidan kirki a Kaduna dole ya amsa duka ukun. Wanda ake yayi yanzu bai amsa ko ɗaya ba, ya jingina komai ga na'urar sanyaya ɗaki da janareto. Ra'ayina ke nan, kuma ban cire mu masu zanen daga cikin laifin ba. Ina son jin ta bakinku.

Alhaji Mudi:
Wa alaikumus salam. Hajiya Akitek, ni ina cikin masu irin gidan da kike magana, kuma ban yi nadama ba. Mutum ya yi shekara da shekaru yana tara kuɗi, sannan a ce ya gina gida irin na kakansa? Filina ƙafa 50 ne da 100. Idan ka cire gini ka cire wurin mota biyu, ina wurin bishiya? Intalok kuma saboda taɓo na sa shi, da damina ba ka son yara su riƙa kwaso laka zuwa falo. Rufin ɓoye ma lissafi na yi. Kin tuna dogon rufin nan da aka yi yayi kafin wannan, wanda rufin ya kusa fin ginin tsawo? Katako da kwanon da yake ci ba kaɗan ba ne. Nawa bai ci rabinsa ba. Zafi kuma na sa sola, alhamdu lillahi.

Injiniya Kabiru:
Alhaji, a kan dogon rufi ina tare da kai, wannan almubazzaranci ne, rufin ƙasashen da ƙanƙara ke zuba aka kwaso mana. Amma bari in nuna maka inda kuɗin da ka rage a katako yake komawa.

A rufin ɓoye, duk ruwan da ya sauka a kan kwano ba ya zuba waje. Yana gangarawa ne cikin wata kwata ta kankare da aka zuba a bayan bangon da aka ɗaga, daga nan ya bi bututu ya sauka. Kwatar nan tana cin rodi, tana cin siminti, tana buƙatar a shimfiɗa mata abin hana yoyo, kuma abin nan yana tsufa a rana. To duk tsawon hunturu ƙura tana taruwa a cikinta, iska ta kawo leda da busasshen ganye, tsuntsu ya yi sheƙa a bakin bututun. Ba mai gani, domin an ɓoye. Ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, bututu mai inci 3 da ya toshe ba zai iya ɗauka ba. Ruwa ya cika kwatar, ya taso ya bi ta ƙarƙashin kwano ya shiga. Da farko za ka ga ɗan tabo rawaya a kusurwar silin na POP. Bayan sati biyu tabon ya faɗaɗa, fenti ya kumbura. Wata rana da dare ɓangare guda ya rufto, da wayoyin fitilun da aka jera a ciki. A daminar da ta wuce yawancin kiran da aka yi mini na gyara irin wannan ne.

Na biyu, bangon da ba shi da lemar rufi a kansa rana tana dukansa kai tsaye, ruwa ma haka. Shi ya sa za ka ga fentin ya yi baƙin zane-zane daga sama zuwa ƙasa kafin damina biyu.

Ba na cewa rufin ɓoye ba ya yiwuwa. Yana yiwuwa idan an lissafa faɗin kwata da yawan bututu, aka bar ƙofar da ruwa zai tsere waje idan bututu ya toshe, kuma mai gida ya san dole a hau a share kafin kowace damina. Nawa ne ake yi musu haka?

Baba Iliya Birkila:
Injiniya ka faɗi gaskiya. Ni da ƙasa na fara gini a hannun mahaifina kafin in koma bulo. Soro ma ai rufin ɓoye ne, yana da rawani a kewaye. Amma magina na da ba su ɓoye hanyar ruwa ba. Indararo suke sawa ya leƙo waje sosai ya watsa ruwa nesa da bango, idan ya toshe daga ƙasa kana gani. Kuma kowace shekara kafin ruwa ya sauka ana hawa a duba a yi yaɓe. Sannan sun san hadarin ƙasar nan daga gabas yake tasowa, don haka bangon gabas shi ake fi ba makuba, ba a cika yi masa manyan tagogi ba. Yanzu sai a kawo mini takarda, babbar tagar gilashi tana kallon gabas, wata tana kallon yamma inda ranar la'asar take. Idan na yi magana a ce Baba kai dai bi takarda.

Hajiya Rabi Malali:
Ku maza kun tsaya a rufi, bari mu da muke wuni a cikin gidan mu ce wani abu. Ƙanwata ta tare a irin gidan nan. Kicin an haɗe shi da falo, babu ƙofa, wai haka ake yi yanzu. Ranar da ta daka daddawa ko ta soya manja, labule da kujeru kwana biyu suna bayarwa. Idan maigidan ya yi baƙi maza a falo, ita da kicin sai sun tafi, domin babu hanyar da za ta bi ba ta ratsa su ba. Da aka yi suna a gidan, rasa inda za a kafa murhu aka yi. Babbar tukunya ba ta hawa kan gas ɗin cikin kicin, a waje kuma maigidan ya ce hayaƙi zai ɓata fenti, wuta za ta fasa intalok. A gidan maƙwabta aka yi girkin. Wurin shanya ma babu, igiya aka ɗaura daga ƙarfen taga zuwa tankin ruwa. Turmi kuwa ba dama, tayil zai fashe.

Gidan da muka tashi a Tudun Wada bai kai wannan tsada ba, amma akwai zaure inda baƙo zai tsaya, akwai tsakar gida da bishiyar darbejiya, nan ake wanki, nan ake tsefe kai, nan ake shimfiɗa tabarma da dare lokacin zafi. Tambayata ga masu zanen ita ce: kuna zama da matar gida kuwa kafin ku zana? Ko da Alhaji kawai ake gamawa a ofis?

Akitek Nafisa:
Hajiya Rabi, Allah ya saka miki da alheri, kin taɓo inda ya fi yi mini ciwo. Yawanci da maigida kaɗai ake gamawa, kuma shi abin da ya fi damunsa shi ne fuskar gidan daga titi da girman falonsa. Ni yanzu ba na fara zane sai na zauna da uwargida. Tambayoyin ma masu sauƙi ne: mutum nawa ke kwana, ana girki da gawayi ko itace wani lokaci, surukai suna zuwa su yi wata, akwai yara mata da suka tasa, ina ake alwala. Daga amsoshin nan gidan yake fitowa. A fili 50 da 100 ana iya samun ƙaramin ɗakin baƙi mai ƙofarsa ta waje wanda zai yi aikin zaure, da kicin na baya mai rumfa, da ɗan fili na ƙasa. Abin da zai ragu shi ne falon nan mai girman da ba a cika shi sai ranar sallah.

Alhaji Mudi, game da sola, ba kowa ke da ƙarfinta ba, kuma ko mai ita batir yana ƙarewa. Taga mai zugewa da kowa ke sawa yanzu rabinta kawai ke buɗewa, ɗaya gilashin yana kan ɗaya. Luba da muka raina kusan duk faɗinta iska ke shiga. Idan ɗaki yana da taga a bango biyu iska za ta ratsa, idan a bango ɗaya ne za ta tsaya. Idan dogayen bangayen gida suna kallon kudu da arewa, lemar rufi kaɗan ta isa ta kare su daga rana. Waɗannan ba sa ƙara ko sisi a kuɗin gini, a takarda ake yanke su.

Auwal Mai Zane:
Ni kam bari in yi magana tunda na san da irinmu ake. Ba ni da rajista, a wajen wani oga na koyi zane da kwamfuta, kuma da shi nake ciyar da iyalina. Anti Nafisa, mutumin da ya zo wurina malamin makaranta ne ko ɗan kasuwa mai shago ɗaya a Kasuwar Barci. Ba zai iya taka ofishinku ba. Yana zuwa da hoto a waya, daga Instagram, gidan Dubai ko na Turkiyya, ya ce wannan nake so. Idan na ce masa rana za ta dame shi, sai ya tashi ya tafi wurin na gaba. Hoton kwamfuta mai kyau, da mota a ƙofa da fitilu, shi yake saye. Ba ni na ƙirƙiro yayin ba.

Akitek Ishaya Barnawa:
Auwal, ban ga laifinka a neman abinci ba, kuma maganarka akwai gaskiya a ciki. Amma bari in gaya wa jama'a yadda aikin nan yake daga ciki, don da yawa suna ɗauka akitek mai zana hoto ne.

Kafin a kira mutum akitek a ƙasar nan, sai ya yi shekara 4 a digiri na farko, ya ƙara 2 a na biyu, ya yi bautar ƙasa, ya yi aƙalla shekara 2 a ƙarƙashin mai rajista, sannan ya zauna jarrabawar ƙwarewa. Hukumar ARCON, wadda aka kafa da dokar soja ta 1969, ita ke riƙe da rajistar. Ƙungiyarmu ta NIA tun 1960 take. Kusan shekara 10 ke nan na rayuwar mutum. Bayan duk wannan, mai gida zai sayi tayil ɗan Sifen ba tare da ya nemi ragi ba, zai sayi ƙofar Turkiyya, amma idan aka zo kuɗin zane sai ya ce ai takarda ce kawai. Kuɗin sa ido a kan aiki kuwa, wato akitek ya riƙa zuwa yana duba ko ana bin abin da ya zana, kusan babu mai biya a gidajen zama. Ana karɓar takarda a yi sallama. Daga nan mai gida da birkila da abokin mai gida da ya taɓa zuwa Dubai su ne masu yanke hukunci.

Sakamakonsa a kan matasanmu nake gani. Yaro ya gama karatu da hazaƙa, ofishin da zai ɗauke shi ba ya iya biyansa abin da zai kai shi ƙarshen wata, domin ofishin ma ba a biya shi ba. Sai ya koma yin hotunan kwamfuta, ko ƙawata cikin ɗaki, ko kwangila, ko ya tafi Abuja, ko ya bar ƙasar. Waɗanda suka fi iya tunanin gini su ne suka fi saurin barinsa.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muni, kuma a cikin gidanmu yake. Kafin KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, ta ba da izinin gini ana buƙatar zane mai hatimin ƙwararru. To akwai masu rajista da ke buga hatiminsu a kan zanen da ba su zana ba, ba su ma karanta ba, a ba su ɗan abin da aka ba su. Wanda ya yi haka ya sayar da amanar da aka ba shi hatimin dominta. Ba ni da bakin zargin Auwal matuƙar wannan yana faruwa.

Injiniya Kabiru:
Yallaɓai Ishaya, a ɓangarenmu ma haka ne. Ana zuba dakin bene babu lissafin injiniya, inda ya kamata a sa rodi mai milimita 16 a sa mai 12. Mun ga benen Ikoyi a Legas mai hawa 21 da ya rushe a Nuwamban 2021 ya kashe mutum fiye da 40. Mun ga makarantar da ta rufta wa ɗalibai a Jos a Yulin 2024. Jos ba nisa gare mu ba.

Baba Iliya Birkila:
Ku ƙara da bulo. Da buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024, masu buga bulo da yawa ba su ƙara kuɗi sosai ba, yashi suka ƙara. Ni idan aka sauke mini bulo, ɗaya nake ɗauka in ɗaga daidai ƙirji in sake shi. Mai kyau zai faɗi ya tsaya ko ya rabe biyu. Na banza zai watse ya koma yashi, ka murza gefensa da yatsa yana zuba. Ba a ba shi ruwa ba, jiya aka buga yau aka loda. Kankare ma sai an yi ta ba shi ruwa aƙalla mako guda, kuma injiniyoyi sun ce sai ya kwana 28 yake kai ƙarfinsa. Mai gida yana sauri zai tare kafin azumi, ya ce a cire katako. Daga baya a lulluɓe komai da filasta da fenti mai tsada. Araha ba ta ado, 'ya'yana.

Sadiq:
Ina gaida manya. Ni ɗalibi ne a sashen zanen gine-gine na ABU Zariya, ina aji 4. Abin da ke ba ni mamaki shi ne duniya tana juyowa ga abin da muke gudu. A 2022 Francis Kéré ɗan Burkina Faso ya ci kyautar Pritzker, mafi girma a wannan fanni, kuma shi ne ɗan Afirka na farko da ya ci. Aikin da ya fito da shi makarantar firamare ce a ƙauyensu Gando, an gama ta a 2001, da bulon ƙasa, aka ɗaga kwano sama da silin don iska ta ratsa tsakani ta kwashe zafi. A Nijar, Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci a Dandaji da bulon ƙasa da aka matse, suka mayar da tsohon masallacin ɗakin karatu. Dandaji ƙasar Hausa ce. Tun 1986 masallacin Yaama da ke Nijar, wanda magini Falke Barmou ya gina da ƙasa, ya ci kyautar Aga Khan. A 2023 an karrama Demas Nwoko, mai zanen gini ɗan Najeriya, a Venice saboda aikin rayuwarsa, kuma a Zariya ya yi karatu.

Mu kuma muna da masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu. Duk wanda ya shiga ya ɗaga kai ya ga bakan gizon nan da aka ɗaure da azara ya san ilimi ne mai zurfi. Me ya hana mu gina gidajen Kaduna da jar ƙasar da muke takawa?

Alhaji Mudi:
Ɗana Sadiq, Allah ya ba da sa'ar karatu. Amma ka fita daga aji ka zo kasuwa. Ranar da na gina gidan ƙasa a Millennium City, 'yan uwana za su ce Alhaji ya karye. Ranar da zan sayar, dillali zai ce fili kawai zai saya. Turawa su ba da kyauta, su ai ba a ciki suke kwana ba. Mu mun kwana a ɗakin ƙasa, mun san gara, mun san yaɓe duk shekara, mun san bangon da ke zaftarewa a watan Agusta.

Sadiq:
Baba Alhaji, ba tubalin hannu nake nufi ba. Na inji ne.

Injiniya Kabiru:
Ku biyun kowa yana da gaskiyarsa. Bulon da Sadiq ke nufi jar ƙasa ce ake tankaɗewa, a zuba mata siminti kaɗan, kamar kashi 5 zuwa 10 cikin 100, a matse da inji. Cibiyar NBRRI ta gwamnatin tarayya, mai binciken gine-gine da hanyoyi, ta daɗe tana ƙera injinansa. Idan an yi shi daidai yana da ƙarfi, ba ya buƙatar filasta, kuma yana jinkirta shigar zafi fiye da bulon siminti mai rami. Sharaɗinsa a ɗaga fandisho da kankare ko dutse don kada ya sha ruwa daga ƙasa, a ba shi lemar rufi mai faɗi daga sama.

Inda matsalar take, Sadiq, ba kowace ƙasa ce ke yi ba, sai an gwada. Birkilolin da suka iya jera shi da tsabta ba su da yawa, domin babu filastar da za ta rufe kuskure. Kuma a gida ɗaya tak ba lallai ya fi araha ba, saboda hayar inji da koyar da ma'aikata. Inda zai yi tasiri shi ne rukunin gidaje ko makarantu, inda za a buga da yawa a wuri ɗaya. Maganar Alhaji ta mutunci kuma ba abin wasa ba ce. Sai mutane sun ga mai kuɗi ya zaɓe shi da kansa kafin su yarda. Gidan kwalabe da aka gina a Sabon Yelwa a 2011 'yan jarida sun yi ta zuwa kallo, amma mutum nawa suka kwaikwaya?

Malam Haruna Unguwar Sarki:
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Ni tsohon ma'aikaci ne, ba mai zane ba, amma a garin nan na tsufa. Kaduna ba kamar Kano ko Zariya ba ce, gari ne da aka zana a takarda, ya zama hedikwatar Arewa a 1917. A 1967 Max Lock, masanin tsara birane ɗan Birtaniya, da mutanensa suka fitar da tsarin garin na shekara 50, har zuwa 2017. Mutanen da suka gina tsofaffin gidajen gwamnati a Unguwar Rimi da kwatas ɗin 'yan reluwe ba su da na'urar sanyaya ɗaki, don haka dole suka yi tunani: baranda mai faɗi, silin mai tsawo, tagogi suna fuskantar juna, bishiyoyin mangwaro da maɗaci a kewaye. Yau ana sayen irin gidan, a rushe, a sare bishiyoyin da suka fi mai gidan shekaru, a yanka filin gida shida.

Ban ƙi sabon abu ba. Aikin sabunta birni da aka fara a 2019 ya buɗe hanyoyi, wanda ya san cunkoson Kawo a da ya san an samu sauƙi. Amma har gobe ina jin zafin otal ɗin Durbar, wanda aka gina don bikin FESTAC na 1977 aka rushe a Janairun 2020. Ko me ke tsakanin gwamnati da masu shi, ginin tarihin garin ne. Lugard Hall da otal ɗin Hamdala suna nan, ya kamata masu zane su riƙa kai ɗalibai suna nuna musu.

Abu na ƙarshe, intalok da siminti a tsakar gida. Ruwan da ƙasarka ba ta sha ba, titi yake fita, daga titi sai gidan wanda ke gangare. Ku tambayi mutanen Kigo Road abin da suke gani idan kogi ya cika, ga kuma ruwan unguwanni yana sauko musu.

Alhaji Mudi:
Malam Haruna, ni fa ban yar da al'ada ba. A get ɗina akwai Dagin Arewa, a saman bango kuma na sa an yi zankwaye.

Akitek Nafisa:
Alhaji, dagi da zanko suna da kyau, ban hana ba. Amma abin da Hajiya Rabi ta lissafa, zaure da tsakar gida da inuwa da hanyar da mace za ta bi ba ta ratsa baƙi ba, shi ne ginin Hausa. Ana iya samunsa a gidan bulo da gilashi wanda babu dagi ko ɗaya a jikinsa.

Auwal, ina da shawara gare ka, kuma da zuciya ɗaya nake yi. Idan mutum ya kawo hoton waya, kada ka ce masa a'a. Tambaye shi ina gabas take a filinsa. Yi masa hoto biyu, ɗaya yadda ya kawo, ɗaya da lemar rufi da baranda da bishiya, ka sa masa hasken ƙarfe 4 na yamma a duka biyun, kwamfutarka tana iya nuna inda inuwa za ta faɗa. Mutane da ido suke saye, to a nuna musu da ido. Kuma duk abin da ya kai bene, ka haɗa shi da injiniya, kada ka ɗauki alhakin rai.

Auwal Mai Zane:
Wannan zan iya, Anti. Amma ku ma ku sauko da farashi ga mai ɗaki uku. Ko ƙungiyarku ta fitar da wasu zanuka masu kyau da talaka zai saya da sauƙi.

Akitek Ishaya Barnawa:
Zanen da aka yi ba tare da an ga fili ba shi ne ya kawo mu inda muke, Auwal. Amma a kan farashin ƙananan gidaje ina ganin akwai abin dubawa, zan ɗaga maganar a taronmu na reshen jiha.

Alhaji Mudi:
To Hajiya Akitek, a kan ƙasa dai ban sauka ba, kuma gidan da nake ciki ya riga ya ginu. Amma ina da wani na haya a Rigachikun, ɗaki biyu da falo sau biyu, an kai linta. Shi ma rufin ɓoye aka zana. Me za a iya canzawa yanzu ba tare da an fasa ba?

Akitek Nafisa:
Da yawa, tunda ba a yi rufi ba. A fasa ɗaga bango, a yi rufi mai matsakaicin gangara wanda zai leƙo waje kamar ƙafa 2 zuwa 3 ta kowane gefe. A ƙara layin bulo ɗaya ko biyu a kan linta don silin ya yi sama. A bar ƙananan ramukan iska masu raga a ƙarƙashin lemar don zafin da ke taruwa tsakanin kwano da silin ya samu mafita. Tagogi a sa masu buɗewa waje gaba ɗaya maimakon masu zugewa. Intalok a yi iya inda tayar mota za ta bi, sauran a bar shi ƙasa ko tsakuwa, a dasa bishiya a ɓangaren yamma nesa kaɗan da fandisho. A bayan kowane kicin a yi 'yar rumfa da famfo. Sai dai ka koma wurin wanda ya zana maka ya gyara takardar, don abin da aka gina ya dace da abin da aka ba ka izini a kai.

Hajiya Rabi Malali:
A sa ƙofa tsakanin kicin da falo, Alhaji. Da ƙarafan shanya.

Baba Iliya Birkila:
Alhaji, lintar yaushe aka zuba ta? Idan ba ta yi mako ba, ka ce wa yaranka su ci gaba da ba ta ruwa safe da yamma, kada kowa ya taɓa katakon. Ka turo mini hoton bulon da ya rage a wurin in gani kafin a ɗora na sama.